Shirun Awarwaron Inna

"Ɗauki tsiyarki!"

Awarwaron robar ya daki ƙirjinta, ya faɗo kan tayil ɗin barandar asibiti, ya gangara ƙarƙashin bencin masu jinya. Injiniya ta bi shi da ido, amma ta kasa sunkuyawa. Yaya Babba ce tsaye a gabanta tana huci, mayafi ya zame mata har kafaɗa ba ta ko lura ba.

"Awa biyu! Awa biyu cur uwarmu tana yashe a ƙasa da karyayyen ƙugu, da rana tsaka, wannan banzan abin naki ko tari bai yi ba! Ba don maƙwabciya ta leƙa ba, da gawarta za mu tarar!"

"Yaya, don Allah ki saurare ni..."

"Kar ki sake ce min Yaya! Uban me muka haɗa?"

Injiniya ta juya tana neman idon Auta, ƙanin Yaya Babba. Yana jingine da bango, farar rigar aikinsa ta sashen gashin ƙashi a hannu, kansa a ƙasa. Mutumin da saura sati biyar ya zama mijinta. Ko jiya da yamma sau uku ya kira ta, wai muryarta ta yi masa nisa. Yau ko inda take bai kalla ba.

"Ni dai ba na son shiga maganar da ba tawa ba..."

Nas ce, ƙanwar mijin Yaya Babba, wadda ke zuwa auna jinin Inna sau biyu a sati. Shekara uku ke nan tana auna jinin Inna, idonta kuwa yana kan Auta, ɗan Inna, kuma kowa a gidan ya sani.

"...amma na ji kamar an taɓa saitin abin kwanan baya. Ko ba haka ba, Injiniya?"

Sai a lokacin Auta ya ɗago.

"Kin taɓa shi?"

"Na taɓa, amma ka bari in..."

"E ko a'a na tambaye ki."

"E."

Ya kafe ta da ido. Da ya buɗe baki, muryarsa a ƙasa take, kuma gara ihun Yaya Babba sau dubu.

"Uwata kika mayar abin gwaji. Na ba ki amanar hannun da ya raine ni, kika yi wasa da shi kamar tarkacen kan teburinki."

"Masoyina..."

"Kar ki kira ni haka a nan."

"Ba a nan kaɗai ba, ko'ina!" Yaya Babba ta karɓe. "Ki je ki faɗa wa naku an fasa. Dama ni tun farko ban ga mata a cikin yarinyar da ke yawo da sukudireba a jaka ba!"

Injiniya ta durƙusa, ta zura hannu ƙarƙashin bencin ta ciro awarwaronta. Sai da ta kai bakin titi sannan ta bar hawayen suka zubo.

Shekara biyu ta yi tana aikin abin nan a wani ɗan ɗaki a bayan shagon gyaran agogo. Awarwaro ne mara nauyi, a ɗaura wa tsoho a hannu. In ya faɗi, sai ya kira wayoyin 'ya'yansa. A kansa ma suka haɗu da Auta, ranar da ta je sashensu tana tambayar yadda tsofaffi ke faɗuwa, ya ce mata shi dai ga shi matashi amma ya faɗi, kuma ba ya son a ɗaga shi. Ta harare shi, ta koma gida tana dariya ita kaɗai.

Shi ya kawo shawarar a fara ɗaura wa Inna, wadda ke zaune ita kaɗai a gidan marigayin mijinta. Ranar farko aka ga abin kunya. Inna ta kai goshi ƙasa a sallar azahar, awarwaro ya ɗauka faɗuwa ce, ya tashi wayoyin 'ya'yanta shida a lokaci guda. Yaya Babba ta iso da takalmi wari da wari, ta tarar da tsohuwa tana jan carbi. Da la'asar aka sake. Kwana uku ana wannan wasan, har Inna ta ce wannan ba awarwaro ba ne, ɗan sanda ne aka ɗaura mata.

Shi ne Injiniya ta karɓe shi ta gyara. Ta koya masa bambanta hannun da ya sauka a hankali da wanda ya doki ƙasa. Ta kuma ƙara wani ɗan maɓalli a gefe: in ya fara rawa a hannu bisa kuskure, Inna ta danna kafin minti ɗaya, sai ya yi shiru, bayan minti goma ya sake tambaya. Ba ta faɗa wa kowa ba sai Inna, don ta gaji da gorin Yaya Babba.

Yanzu ga ta a gaban teburinta, ido ya kumbura, tana jona awarwaron da kwamfuta. A ranta ta riga ta yanke wa kanta hukunci: gyaranta ne ya toshe masa kunne. So take kawai ta ga inda ta kashe aurenta da hannunta.

Layuka suka cika allon. Ta karanta sau ɗaya, ta goge ido, ta sake karantawa.

Awarwaron ya ji faɗuwar. Ƙarfe sha ɗaya da minti huɗu ya ji ta, ya yi rawa, aka danna maɓalli. Bayan minti goma ya sake rawa, aka danna. Ya sake, aka danna. Sau goma sha biyu. Ta koma baya, ta ga wata faɗuwar kwana biyar da suka wuce, da wata, da wata, da wata. Sau huɗu a cikin sati uku, kuma ko wane karo an danna.

"Inna..." ta faɗa a hankali. "Me ya sa?"

Kwana uku bayan aikin tiyatar da aka yi wa Inna, Injiniya ta laɓe a bayan wata motar asibiti har ta ga Yaya Babba ta fita da kwandon kwanuka, sannan ta shiga. Tsohuwar na kwance, ta ƙanƙance a cikin farin zanen gado, amma idon nan yana nan da kaifinsa.

"Au, 'yar waya ce? Kin zo ki ƙarasa ni?"

"Sannu, Inna. Ya jiki?"

"Ga shi kina gani."

Injiniya ta durƙusa a gefen gadon, ta ciro takardar da ta buga daga jaka.

"Inna, sau goma sha biyu kika danna."

Fuskar tsohuwar ta canza. Ta dubi ƙofa, ta dubi takardar.

"Munafukin abu. Ashe har rubutawa yake yi."

"Kina kwance da karaya, Inna! Me ya sa ba ki bar shi ya kira su ba?"

"Ya kira wa? Waccan?" Ta nuna ƙofar da haɓa. "Kin san abin da ta ce ranar da kuka ɗaura min shi? Ta ce duk ranar da ya yi ƙara da gaske, ranar zan bar gidana. Ta gyara min ɗaki a benenta, da taga ɗaya mai kallon katanga. In zauna kamar tsohuwar kujera, ana kawo min abinci a tire."

"Ban sani ba..."

"Ina za ki sani? Kin tambaye ni? Kin zauna da su shida a falona kina rubutu, wannan ya ce kaza, waccan ta ce kaza. Ni ina gefe kamar ba hannuna za a ɗaura wa ba. Ko ruwan da na kawo miki ba ki sha ba."

Maganar ta soki Injiniya fiye da duk zagin Yaya Babba, don gaskiya ce tsagwaronta. Tsofaffi take wa aiki, amma 'ya'yansu kaɗai ta taɓa saurara.

"A ɗakin nan na haife su duka," Inna ta ci gaba. "A nan babansu ya cika a kan cinyata. Ranar da na faɗi, na ce bari in ja jiki in kama ƙafar gado, zan tashi kamar sauran lokutan. Ƙafar ce ta ƙi." Ta share ido da gefen zane, ta dawo da zafinta. "To ga takarda a hannunki. Je ki nuna musu, ki wanke kanki, ki auri ɗana. Ni kuma a kwashe ni. Dama abin da kika zo yi ke nan."

Injiniya ta dubi takardar. Aurenta ne a rubuce a kai, layi goma sha biyu. Ta ninke ta a hankali, ta tura ƙarƙashin matashin Inna.

"Taki ce, Inna. Ni ban ga komai ba."

"Kar ki yi min daɗin baki, yarinya."

"Allah ya ƙara sauƙi."

A bakin ƙofa ta yi karo da Auta, Nas na biye da shi riƙe da fulas ɗin shayi, tana wani rangwaɗa.

"Me kika zo yi?" ya ce.

"Dubiya."

"Kin duba abin naki? Kin gano abin da ya faru?"

Ta ga roƙo a idonsa. So yake ta ba shi ko da kalma ɗaya da zai riƙe. Kalmar na kan harshenta, tana ƙona ta.

"Na duba. Kuskurena ne."

"Ka ji ko?" Nas ta yi ajiyar zuciya. "Ni dama tausayinta nake ji wallahi."

"Shi ke nan abin da za ki ce min?" Auta ya matso. "Kwana uku ina kare ki a gaban 'yan'uwana..."

"Kare ni?" Ta ɗago da jajayen idanu. "A ina? A barandar nan da aka jefe ni kana kallon takalminka? Ba ka tambaye ni me na gyara ba, ba ka tambaye ni don me ba. E ko a'a ka ce, na ba ka. Matsa min in wuce."

Kwana takwas ba ta ji daga gare shi ba. Mamanta ta daina yi mata maganar ɗinki, ƙawaye suka daina kira don ba su san me za su ce ba. Ita kuwa kullum tana ɗakin aikinta, ba ta gyara komai, sai dai ta kunce abu ta mayar. Tana son sa, tana jin haushinsa, kuma duk biyun ba su rage ko ƙwayar zarra ba.

Rana ta tara wayarta ta yi ƙara. Yaya Babba.

"Inna ta ce ba za ta bar asibiti ba sai kin zo. Ban san abin da kika ba ta ta ci ba. Ki zo ki ji, ki kama gabanki."

Ɗakin a cike yake, 'ya'ya shida da Nas a gefe tana naɗe abin awon jini. Inna na zaune a keken marasa lafiya, an haɗa kayanta a jaka. Auta ya rame, gemu ya taru. Injiniya ta gaishe su, mutum biyu suka amsa.

"To ga ta nan," in ji Yaya Babba. "Ki faɗi abin da za ki faɗa, Inna, mota na jira. Ke kuma ki sani, mun yanke shawara har hukuma za mu kai maganar abin nan naki, kar ki je ki kashe uwar wani."

"Kin gama?" Inna ta ce. Ta zura hannu cikin zaninta ta ciro takarda a ninke. "Auta, karanta. Da ƙarfi, kunnen yayarka ba ya jin magana sai tata."

Ya karɓa. Ya fara karantawa, muryarsa na raguwa da kowane layi. Da ya kai na bakwai ya kasa ci gaba.

"Wa... wa ya danna?"

"Aljanu," in ji Inna. "Ni mana! Hannun wa yake?"

Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Sau huɗu ina faɗuwa kafin wannan, ina tashi abina. Waccan ma ta sani." Ta nuna Nas. "Ta ga tabon gwiwata tun sati biyu kafin in karye, na faɗa mata maganar maɓallin. Ta ce in yi shiru, in ci gaba da dannawa, kar a ɗaga hankalin mutane. Ni na ɗauka tausayina take ji. Sai da labarin abin da ta faɗa a baranda ya iso min na gane jira take abin ya ba da kunya."

"Inna, wallahi ni ba haka..."

"Fita!" Auta ya daka mata tsawar da ta sa abin awon ya suɓuce daga hannunta. Ta tsince shi ta fice, ko mayafi ba ta gyara ba.

Yaya Babba ta zube a gaban keken.

"Inna... awa biyu a ƙasa? Don kawai kar ki zo gidana?"

"Ko kwana biyu ne zan yi."

Yaya Babba ta fashe da kuka, irin kukan da ba a taɓa jin ta yi ba. Inna ta ɗora hannu a kanta, amma ba ta janye maganar ba.

"Yarinyar nan ta san komai tun kwana tara. Da ta buɗe baki, da tuni ta wanke kanta. Ta zaɓi ku zage ta, ta rasa miji, don kar a raba ni da ɗakina. Ku da na haifa ba wanda ya taɓa tambayata me nake so." Ta ja numfashi. "To na faɗa. Yanzu sai ku kwashe ni, ga mota can."

"Ba inda za a kai ki, Inna."

Injiniya ce. Ita kanta ba ta san lokacin da maganar ta fito ba.

"Akwai ɗakuna biyu a bayan gidanki da ba kowa. In kin yarda da ni, zan zauna a ciki. Abin kuma zan sake shi daga farko, ke za ki faɗa min yadda kike so, da wanda zai kira."

"A matsayin wa za ki zauna?" Yaya Babba ta ɗago da hawaye, har yanzu da sauran ƙarfin hali. "'Yar haya?"

Injiniya ta ɗauki jakarta ta fita.

A barandar ya cim mata, daidai bencin nan.

"Tsaya... don Allah ki tsaya, sanyin idona."

"Kar ka kira ni haka a nan."

Ya runtse ido. Ya san inda ta samo maganar.

"Na cancanci fiye da haka. Na ga uwata a kan gadon tiyata, hankalina ya gushe, na nemi wanda zan ɗora wa... sai na ɗora wa wadda na san ba za ta rama ba. Ban da hujja. Ki yafe min."

"Ka san abin da ya fi yi min ciwo? Ba zagin Yaya ba. Kai ka san ni! Ka san kwana nawa na yi a kan abin nan, amma kalma ɗaya daga bakin waccan ta ishe ka."

"Na sani."

"Ba ka sani ba! Kwana takwas ina kallon waya kamar mahaukaciya!"

"Kullum sai na zo bakin shagon agogo," ya ce a hankali. "In tsaya, in kasa shiga. Mai shagon har ya fara tambayata ko agogona ne ya lalace."

Dariya ta so ƙwace mata a tsakiyar kuka, ta danne ta da ƙyar. Ya durƙusa a kan tayil ɗin, a gaban masu jinya da masu shara, likita guda da shi.

"Tashi, mutane na kallo."

"Su kalla. A nan na kunyata ki, a nan zan roƙe ki."

"Ban huce ba fa."

"Ki aure ni a hakan, ki huce a hankali. Ina da haƙuri, aikina ke nan."

Ta kalli ƙeyarsa. Sannan ta miƙa masa jakarta.

"Riƙe min. Nauyi gare ta."

Ba a ɗaga ranar ba ko da kwana ɗaya. Yaya Babba ta zo bikin, ta zauna a layin gaba fuska ba yabo ba fallasa, amma ita ta gyara wa amarya mayafi da ya zame, ta yi kamar ba ita ba.

Wata biyu bayan sun tare a ɗakunan baya, wata safiya Injiniya ta shiga gaishe da Inna da littafin rubutunta a hannu, don kullum sai tsohuwar ta ba ta sabon gyara. Ta same ta zaune a bakin gado, sandarta a jingine, tana murza gwiwar hannu.

"Rufe ƙofar," in ji Inna.

Ta rufe.

"Ɗazu santsi ya kwashe ni a banɗaki. Ban ji ciwo sosai ba, na tashi da kaina." Ta kawar da kai gefe, kamar mai jin nauyin abin da za ta ce. "Ke kaɗai na faɗa wa. In kin ga dama ki kira min mijin naki ya duba, tunda wai likita ne."